Likita Albert Salomon da 'Yan Ɗige-ɗigen Alli

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani likita Bajamushe wanda ba mu iske sunansa cikin littattafan kiwon lafiya da muke koyarwa da su ba, ga shi kuwa mata masu ɗimbin yawa suna da rai yau saboda abin da ya fara lura da shi. Sunansa Albert Salomon.

An haife shi a shekarar 1883 a wani ƙaramin gari, Röbel, can arewacin Jamus. Iyayensa Yahudawa ne. Yana ɗan shekara 12, watau cikin 1895, wani malami mai suna Rontgen ya gano hasken nan mai ratsa nama ya nuna ƙashi, wanda muke kira eksire. Da Salomon ya gama karatu sai ya zama likitan fiɗa a asibitin jami'ar Balin, ƙarƙashin babban likita August Bier.

A zamanin nan, in mace ta kamu da sankarar nono, ba a sani sai ƙullutu ya yi girma har hannu ya ji shi. Maganinsa kuwa wuƙa ce, a yanke nonon ɗungum. Likitoci suna ɗaukar hoton karaya da harsashin da ya maƙale a jiki, amma nono tsoka ce da kitse, ana ganin hoton ba zai nuna kome ba. Salomon bai tsaya ga wannan zato ba. Ya riƙa ɗaukar hoton naman da aka yanke daga majinyata, sa'an nan ya yanka shi, ya duba da madubin likita, ya gwada abin da hoto ya nuna da abin da ido ya gani. Haka ya yi ta yi har wajen guda 3,000, kana ya buga sakamakon aikinsa cikin 1913.

Abu uku ya nuna. Na fari, cutar tana fitowa a hoto. Na biyu, ba kamarta ɗaya ba: wata tana zaune a dunƙule da iyaka, wata kuwa tana miƙa jijiyoyi cikin naman da ke kewaye, har ta kai ga kaluluwar hammata. Na uku, ya ga waɗansu 'yan ɗige-ɗige ƙanana ƙwarai cikin waɗansu daga cikin ƙullutan. A kan na ukun nan nake so mu dakata kaɗan.

Ɗige-ɗigen nan alli ne, watau irin sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori, wanda likitoci ke kira kalsiyam. Yakan taru inda nama ya mutu, ko inda ruwa ya kwanta cikin hanyoyin da nono ke bi. Da yake ya fi tsoka tare hasken, sai ya fito fari fat a hoto. Akwai manya, waɗanda akan gani sau da yawa ga matan da suka wuce shekara 50, galibi kuwa ba su da lahani. Akwai kuma ƙanana, waɗanda ba su kai rabin milimita ba, kamar barbaɗin gishiri. Su ma yawancinsu ba cuta ba ne. Amma in suka taru wuri guda, siffarsu ta bambanta da juna, ko suka jeru suna rassa bisa hanyar nono, to, likita ya sa ido. Sau da yawa su kaɗai ne alamar sankarar da ke kwance cikin hanyar nono tukuna, ba ta fasa ta shiga nama ba. Hannu ba ya jin su, mace ba ta jin zafi, hoto ne kaɗai ke tona su.

Salomon bai taɓa ɗaukar hoton nonon mace mai rai ba. Shekara ɗaya bayan ya buga sakamakon aikinsa aka fara Yaƙin Duniya na Farko, ya tafi aikin jinyar soja. Ya auri wata ma'aikaciyar jinya, Franziska, suka haifi 'ya ɗaya tak cikin 1917, aka sa mata suna Charlotte. Matar ta rasu cikin 1926, ya sāke aure cikin 1930 da wata shahararriyar mawaƙiya, Paula Lindberg. A lokacin ya riga ya zama babban malami a jami'a.

Cikin 1933 Hitila ya hau mulki, aka kori Yahudawa daga jami'o'i. Aka hana Salomon koyarwa, ya koma aiki a asibitin Yahudawa na Balin. A watan Nuwamba 1938 aka kama shi, aka kai shi sansanin azaba na Sachsenhausen. Da aka sake shi, suka aika da 'yarsu wurin kakanninta a kudancin Faransa, su kuma suka gudu Holan cikin 1939. Can ma Jamusawa suka cim musu, aka tsare su a sansanin Westerbork cikin 1943, amma suka sulale, suka ɓuya har yaƙi ya ƙare. Charlotte ba ta tsira ba. An kashe ta a Auschwitz cikin 1943, tana da shekara 26, tana da ciki. Ta bar ɗaruruwan zane-zane na labarin gidansu, waɗanda uban da matarsa suka karɓo bayan yaƙi, daga baya suka ba gidan tarihin Yahudawa na Amstadam. A birnin nan Salomon ya ƙarasa kwanakinsa, ya rasu cikin 1976, yana da shekara 93.

Abin da ya shuka, waɗansu ne suka yi masa noma. Cikin 1930 Stafford Warren na Amurka ya ɗauki hoton mata masu rai. Cikin 1951 Raúl Leborgne, likita a ƙasar Yurugwai, ya nuna cewa ana ganin ƙananan ɗige-ɗigen a wajen kashi 30 cikin 100 na sankarar nono, ya kuma koyar da a danne nono a lokacin hoto domin su fito sarai. Cikin 1963 aka fara wani babban gwaji a birnin Niyok da mata wajen 60,000, aka ga masu mutuwa sun ragu a cikin waɗanda ake dubawa tun ba su ji ciwo ba. Salomon yana da rai duk aka yi wannan.

To, me ya shafe mu? A ƙasarmu mata da yawa ba su zuwa asibiti sai ciwo ya fashe, sa'ad da magani ya yi wuya. Mu malamai, in an tura mu ƙauye, mu ne akan kawo wa takardar asibiti mu karanta. Saboda haka ya kamata mu san abin da za mu faɗa. In takarda ta ce an ga alli, ba hukuncin mutuwa ba ne, ba kuma shan madara ne ya kawo shi ba. In an ce mace ta komo a sāke hoto, ko a ɗebi ɗan nama da allura a duba, kada mijinta ya hana, kada ita ma ta noƙe. Ranar hoto kuma kada ta shafa hoda ko turaren hammata, gama sukan fito kamar ɗige-ɗigen nan su ruɗe likita. Wadda ta kai shekara 40 ta tambayi likita yaushe ya kamata ta fara hoton, wadda kuwa ta ji ƙullutu kada ta jira wata shekara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba iyayenmu mata lafiya, ya ba mu irin haƙurin mutumin nan wajen duban ƙaramin abu. Amin.