Juan Sánchez Cotán: Mai Zanen da Ya Zaɓi Zuhudu

An haifi Juan Sánchez Cotán a shekarar 1560 a garin Orgaz, kusa da birnin Toledo na ƙasar Sifaniya. A Toledo ya koyi zane, har ya buɗe wurin aikinsa, manyan mutane suna sayen zane-zanensa. Ya yi suna wajen zana kayan lambu, kamar kabeji da karas da lemun tsami, wasu a rataye da zare, bayansu baƙi ƙirin.

A shekarar 1603, lokacin da sana'arsa take ci, sai ya rufe wurin aikin, ya bar dukiyarsa. Ya shiga ƙungiyar Kartusiya ta Kiristoci masu zuhudu, waɗanda suke zaman shiru da addu'a. Duk da haka bai daina zane ba. A gidan zuhudu na Granada ya zana Maryamu, da Bruno wanda ya kafa ƙungiyar, da 'yan ƙungiyar da aka kashe a Ingila saboda imaninsu.

Ya rasu a Granada a shekarar 1627. Har yau mutane suna zuwa kallon ayyukansa a Granada da Madrid.