Laennec, Lokotoron da Ya Koya wa Duniya Sauraren Huhu

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan likita da tari ya san abin nan da lokotoro ke sa wa kunnuwansa, ya ɗora bakinsa bisa ƙirjin majinyaci, ya ce a ja numfashi. Sunansa sitetoskop, wanda ya ƙago shi kuwa Bafaranshe ne, René Laennec.

An haife shi a garin Quimper, a jihar Bretagne ta yammacin Faransa, ran 17 ga watan Fabrairu na 1781. Yana da shekara biyar uwarsa ta rasu. Daga baya baffansa Guillaume, lokotoro a birnin Nantes, ya riƙe shi, kuma a can ya soma koyon aikin likita yana ɗan shekara 14. A 1801 ya tafi Paris, ya yi karatu a hannun Corvisart, wanda ya zama lokotoron Napoliyon.

A zamanin nan ba hoton ƙirji. Dabara biyu ce kawai: ko a ƙwanƙwasa ƙirji da yatsu, kamar mai son sanin iyakar ruwa cikin tano, ko lokotoro ya liƙa kunnensa ga jikin majinyaci. A 1816, shekarar da aka ba Laennec aiki a asibitin Necker, aka kai shi ga wata budurwa mai alamun ciwon zuciya. Tana da ƙiba, ƙwanƙwasawa ba ta nuna kome ba, kunya kuma ta hana shi aza kunne ga ƙirjinta. Sai ya naɗe takardu kamar bututu, ya sa baki ɗaya a ƙirjinta, ɗayan a kunnensa. Nan take ya ji bugun zuciya sarai, fiye da yadda ya taɓa jinsa. Da yake ya iya sassaƙa, kuma mabushin sarewa ne, ya koma ya ƙera bututun itace da hannunsa.

Labarin takardar nan aka fi bayarwa, amma a ganinmu babban aikinsa shi ne wanda ya biyo baya. Shekara uku yana sauraren ƙirazan marasa lafiya yana rubuta abin da ya ji. In ɗayansu ya cika, sai ya buɗe gawar, ya duba huhun, ya gwama da abin da ke rubuce. Ta haka kowace ƙara ta samu ma'ana. Akwai wadda ya kamanta da tartsatsin gishiri cikin kasko mai zafi, ita ce alamar farkon ciwon huhu mai zazzaɓi. Akwai mai kama da fito ko kukan ƴan tsuntsaye, in hanyoyin iska sun ƙuntata, da mai kama da minshari. In ruwa ya taru kewaye da huhu, muryar majinyaci takan fito tana rawa kamar kukan akuya. In kuwa tarin fuka ya ci rami cikin huhu, maganar mutum takan zo kunnen lokotoro kai tsaye, sai ka ce daga ƙirji take fitowa. Kalmar da ya zaɓa wa waɗannan ƙararraki a Faransanci ita ce ta kakarin mutuwa, don haka a gaban majinyata yakan faɗi ta Latin domin kada ya tsorata su.

Ya tara wannan duka cikin littafi mai juzu'i biyu da ya fito a 1819. Wasu manyan lokotoro, musamman Broussais, sun yi masa ba'a, amma ɗalibai daga Ingila da wasu ƙasashe suka riƙa zuwa Paris koyon sauraro a wurinsa. A 1822 aka naɗa shi malami a Collège de France.

Cutar da ya fi kowa sanin muryarta ita ta kama shi. A 1826, bayan ya gama gyaran bugu na biyu na littafinsa, tari da zazzaɓi suka tsananta. Ɗan baffansa, Mériadec, ya saurari ƙirjinsa da bututun itacen, ya ji alamun tarin fuka. Babu maganinsa a lokacin, ƙwayar da ke kawo shi ma sai a 1882 Robert Koch ya gano ta a Jamus. Laennec ya koma gidansa na Kerlouarnec, kusa da teku a Bretagne, inda ya rasu ran 13 ga watan Agusta na 1826, yana da shekara 45. Bututun nasa ya bar wa Mériadec gado.