Ahilyabai Holkar: Sarauniyar da ta sake gina babban wurin bautar Hindu a Varanasi

Tun wajen ƙarfe 3 na dare ake buɗe wurin bautar Kashi Vishwanath da ke birnin Varanasi a Indiya. Mabiya addinin Hindu kan yi wanka a Kogin Ganga, su ɗebo ruwansa su zuba a kan dutsen da ke wakiltar abin bautarsu Shiva, tare da madara da ganyen bel. Ginin da suke yin layi a ƙofarsa, wata mace ce ta gina shi a 1780.

An haifi Ahilyabai a ranar 31 ga Mayun 1725 a ƙauyen Chondi da ke jihar Maharashtra ta yanzu, inda mahaifinta yake mai gari. Tana shekara 8 aka aurar da ita ga Khanderao, ɗan Malhar Rao Holkar, babban kwamanda a daular Maratha.

A 1754 harsashin igwa ya kashe mijinta a yaƙin Kumher. Ta yi niyyar bin al'adar sati, wato matar mamaci ta shiga wutar da ake ƙona gawar mijinta, amma surukinta ya hana ta. Shi ya ci gaba da koya mata mulki da sha'anin yaƙi. Ya rasu a 1766, ɗanta Male Rao ya bi shi shekara guda bayan haka, sai mulkin Malwa ya dawo hannunta.

Ta mayar da fadarta Maheshwar a bakin Kogin Narmada, ta bar wa Tukoji Holkar jagorancin dakaru, ita kuma tana zaman sauraron koke-koken talakawa. Masaƙan da ta janyo garin su ne asalin sarin Maheshwari da ake saƙawa har yau.

Varanasi ba ta cikin ƙasarta, abin da ya sa aikin ya ƙara fice ke nan. A 1669 Sarki Aurangzeb na daular Mughal ya sa aka rushe tsohon wurin bautar, daga baya aka gina Masallacin Gyanvapi a wurin. Ahilyabai ba ta taɓa masallacin ba, a gefensa ta yi nata ginin. Yau batun wannan fili yana gaban kotunan Indiya. Zinaren da ke saman ginin kuwa, Sarkin Sikh Ranjit Singh ne ya bayar bayan rasuwarta. Ta kuma yi gine-gine a Gaya da Somnath, da rijiyoyi da masaukin masu ziyara.

Abin da surukinta ya yi mata, ita ta kasa yi wa 'yarta. A 1791 mijin Muktabai ya mutu, ta shiga wutar duk da roƙon mahaifiyarta.

Ahilyabai ta rasu a Maheshwar ranar 13 ga Agustan 1795 tana da shekara 70. Filin jirgin saman Indore sunanta yake ɗauke da shi.