Sushruta: Likitan Indiya da Ya San Inda Maganin Sha Yake Tsayawa

Idan an taɓa gaya maka kana da tsakuwa a ƙoda ko a mafitsara, ko kana jinyar mai ita, wataƙila wani ya riga ya kawo maka jiƙo da alƙawarin zai narkar da ita. Kafin ka sha, ga tarihin wani likita da ya yi fama da wannan cuta tun kafin a san asibiti irin na yau.

Sunansa Sushruta. Ya rayu a birnin Kashi, wanda yanzu ake kira Baranasi, a bakin kogin Ganga da ke arewacin Indiya. Masana da yawa suna sanya zamaninsa wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya yi karatu a hannun Dibodasa, Sarkin Kashi. Littafin da ke ɗauke da sunansa, Sushruta Samhita, yana cikin manyan tushen Ayurbeda, wato likitancin gargajiyar Indiya. Babinsa 186 ne, an fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, kuma akwai kwafinsa na shekarar 878 a ƙasar Nepal.

An fi saninsa da tiyata. Ya bayyana kayan fiɗa 121, ya kuma koyar da yadda ake gyara yankakken hanci da fatar kunci. Ɗalibansa sukan fara koyon yanka a jikin duma da kokwamba kafin su taɓa ɗan Adam.

Tsakuwar fitsari kuwa, a harshensa sunanta ashmari, kuma ya sa ta cikin cututtuka takwas mafi wuyar magani. Ya kasa ta gida huɗu bisa fahimtar Ayurbeda: uku ya danganta su da rikicewar sinadaran jiki da suke kira bata, pitta da kafa, ta huɗu kuma da maniyyi. Likitancin yau bai tafi a kan wannan rabo ba, domin an gano mafi yawan tsakuwa daga sinadarin kalsiyam take. Amma alamomin da ya lissafa su ne muke gani har yanzu: ciwon mara da cibiya, yankewar fitsari ana cikin yi, jini a fitsari, da ƙaruwar ciwo in an yi gudu ko an hau doki. Ya kwatanta samuwarta da laka mai kwanciya a gindin tulu ko da ruwan mai kyau ne.

Ga tsarinsa: sabuwar tsakuwa ana gwada mata magani, irin su man shanu da aka dafa da tsirrai, ruwan toka, da gokshura, wato tsidau. Wadda ta girma kuwa sai wuƙa. Ya nuna cewa barinta halaka ne, cire ta kuma kasada ce, don haka sai likita ya nemi izinin sarki tukuna. Yakan tura tsakuwar ƙasa da yatsu ta dubura, ya tsaga tsakanin dubura da al'aura ta ɓangaren hagu, ya fito da ita ɗungurungum, saboda ɓarɓashin da ya rage yana sake girma. Bayan aiki, marar lafiya ya zauna a ruwan ɗumi, ya sha kunun sha'ir, ya bar hawan doki har shekara guda.

Abin lura shi ne, mutumin da ya san ɗaruruwan tsirrai bai yarda jiƙo zai narkar da kowace tsakuwa ba. Yau hoton ciki yana nuna girmanta da inda take. Wadda ba ta wuce milimita 5 ba galibi tana fita da kanta. Babba kuwa ana farfasa ta da na'ura ko a cire ta da siririn bututu, sau da yawa ba tare da yanka ba. Wadda ta toshe hanya aka bar ta tana iya lalata ƙoda.

Saboda haka, ka yawaita shan ruwa, musamman lokacin zafi, ka rage gishiri, ka kuma faɗa wa likita duk jiƙon da kake sha. Idan fitsari ya ƙi fita, ko ciwon kwiɓi ya haɗu da zazzaɓi ko amai marar tsayawa, a garzaya asibiti a ranar. Allah Ya ƙara mana lafiya.