Sista Rosetta Tharpe (1915–1973): Baiwar da Aka Rena a Majami'a

A gidajen masu bi da yawa a nan Bauchi, daga Fadaman Mada har Yelwa, akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin iyaye da 'ya'ya. Yaro ya rungumi jita, hankalin uwa ya tashi, tana tsoron kada abin nan ya raba shi da hanyar Ubangiji. A ganin dattawa da yawa, kiɗan rok na 'yan duniya ne kawai. Tarihin wata baiwar Allah, Rosetta Tharpe, zai nuna mana inda kiɗan ya samo tushe, da kuma nawayar da ke wuyan ikkilisiya game da 'ya'yanta masu baiwa.

An haife ta ranar 20 ga Maris, 1915, a ƙaramin garin Cotton Plant na jihar Arkansas, a kudancin Amurka, cikin baƙaƙen fata masu aikin gonar auduga. Mahaifiyarta, Katie Bell Nubin, mai bishara ce kuma mawaƙiya a ɗarikar Church of God in Christ. Wannan ɗarika ta yarda a yi sujada da ganga da jita da tafi da rawa, ta kuma ba mata sarari su yi waƙa, su koyar. Duk wanda ya taɓa ganin Zumuntar Mata tana raira yabo da tulu da ganga zai gane irin ɗumin sujadar da Rosetta ta tashi a ciki.

Tana kimanin shekara 6 ta fara bin mahaifiyarta tarurrukan falkaswa, tana waƙa tana kaɗa jita. A tsakiyar shekarun 1920 suka koma Chicago, inda suka riƙa hidima a majami'ar Roberts Temple. Sujada ce ta gyara mata hannu. A cikin taro mai sowa da tafi, dole jita ta ɗaga murya kafin a ji ta. Don haka ta saba cirar tsirkiya ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, ita tana ba da waƙa, jita tana yi mata amshi. Da jita mai aiki da lantarki ta shigo hannunta, wannan salo ya ƙara kaifi. Shi ne makaɗan rok suka gada daga baya.

A 1934 ta auri wani mai wa'azi na ɗarikarsu, wanda daga sunansa ta samo Tharpe. Auren bai yi ƙarko ba. A 1938 ta tafi New York tare da mahaifiyarta, kamfanin Decca kuma ya ɗauki waƙoƙinta a faifai a watan Oktoba. Kafin shekarar ta ƙare ta yi waƙa a babban zauren Carnegie Hall, ta kuma yi a gidan rawa na Cotton Club. Nan aka samu rabuwar kai. Masu bi da yawa sun ɗauki wannan a matsayin jefa abu mai tsarki a kasuwa, waɗansu kuwa suka ga bishara ce ta isa kunnuwan da ba sa zuwa majami'a. Damuwar ta ƙaru a 1941, sa'ad da ta shiga ƙungiyar makaɗa ta Lucky Millinder, ta rera har da waƙoƙin duniya zalla. Bayan 'yan shekaru ta bar su, ta koma ga waƙoƙin bishara.

A 1944 ta yi faifan Strange Things Happening Every Day tare da makaɗin piyano Sammy Price. A 1945 ya kai matsayi na 2 a jerin faya-fayan baƙaƙen fata na mujallar Billboard. Masana da dama suna lissafa wannan waƙar bishara cikin tushen kiɗan rok.

Shekarunta mafi albarka su ne waɗanda ta yi cikin abokan hidima. A 1946 ta ji muryar wata matashiya, Marie Knight, ta gayyace ta, suka yi shekaru suna zagaya Amurka tare. Saboda wariyar launin fata, masaukai da yawa a kudu ba sa karɓarsu, sai su kwana cikin motarsu ta safa. A 1947, a garin Macon, ta ji wani yaro ɗan shekara 14 yana rera waƙoƙinta, ta kira shi dandali, ta kuma biya shi. Yaron nan shi ne Little Richard, wanda ya zama ɗaya daga cikin magabatan rok. Elvis Presley, wanda ya tashi a ikkilisiyar Assemblies of God, ya saurare ta tun yana yaro. Johnny Cash ma ya ambace ta a 1992 cikin mawaƙan da suka fi taɓa zuciyarsa.

Amma suna yana da nasa tarko. A 1951 aka ɗaura aurenta na uku a filin wasa na Griffith da ke Washington, mutane fiye da 20,000 suka biya kuɗin shiga, biki ya zama haja. Da kasuwarta ta ja baya a gida, Turai ta buɗe mata ƙofa daga 1957. A 1964 ta yi waƙa cikin ruwan sama a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchester, aka nuna a talabijin, samarin Ingila suka ga abin da jita za ta iya yi a hannun mace mai yabon Allah.

A 1970 ta sami shanyewar ɓarin jiki, ciwon sukari kuma ya sa aka yanke mata ƙafa. Duk da haka ta ci gaba da waƙa. Ta rasu ranar 9 ga Oktoba, 1973, a Philadelphia, tana da shekara 58. Kabarinta ya yi fiye da shekara 30 babu ko dutsen shaida, sai da aka yi taron tara kuɗi a 2008. A 2018 aka sa sunanta a zauren girmama magabatan kiɗan rok.

Rayuwarta ba marar aibi ba ce, kuma ba don a kwaikwayi kowane takunta muka kawo ta ba. Zabura ta 150 ta lissafa ƙaho da molo da garaya da kuge cikin kayan yabo, saboda haka laifi ba ya cikin tsirkiya. Haɗarin yana zuwa ne sa'ad da mai baiwa ya rasa waɗanda za su yi masa addu'a, su tsauta masa cikin ƙauna, su tsaya masa a gaban masu kwangila. Rosetta ta yi ƙarfi lokacin da mahaifiyarta da abokan hidima suke kewaye da ita.

Iyaye da dattawan ikkilisiya, yaron da ke koyon jita a bayan majami'a naku ne. Ku saurari abin da yake kaɗawa, ku ba shi wuri cikin ƙungiyar mawaƙa, ku haɗa shi da babba mai tsoron Allah. Ku kuma matasa, kada tafi ya ɗauke muku hankali daga zumuntar masu bi. Ubangiji ya ba mu hikimar renon baiwar da ya danƙa mana. Amin.