Yarima Johann Moritz, Bajamushen Da Ya Ci Elmina Daga Barazil

An haifi Johann Moritz ran 17 ga watan Yuni, 1604, a garin Dillenburg cikin ƙasar Jamus. Ɗan sarauta ne na gidan Nassau, amma ubansa yana da 'ya'ya barkatai, ƙasarsu kuwa 'yar ƙarama ce, ba ta isa rabo ba. Saboda haka tun yana saurayi ya shiga sojan Holan, inda danginsa ke riƙe da ragamar yaƙi.

Cikin 1636 Kamfanin ciniki na Holan mai kula da Yammacin Indiya ya naɗa shi Gwamnan yankin da suka ƙwace daga hannun Fotugis a arewa maso gabashin Barazil. Ya sauka Recife a farkon 1637. Arzikin wurin duk rake ne da sukari, gonakin rake kuwa bayi ke nomansu. To, da ya ga hannuwa sun yi ƙaranci, sai ya juya ido wajen Afirka. A shekarar nan ya aika da jiragen yaƙi, a watan Agusta suka ci ganuwar Elmina, wadda Fotugis suka gina tun 1482 a gaɓar ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Cikin 1641 kuma mutanensa suka kama Luanda ta Angola. Shi kansa bai raka su ba, daga Recife ya ba da umurni. A zamanin mulkinsa an kwashi 'yan Afirka fiye da 20,000 zuwa Barazil, ban da waɗanda suka mutu cikin teku. Masu bincike na baya-bayan nan sun nuna har shi ma yana sayar da bayi don aljihunsa.

Turawa sun daɗe suna yabonsa, kuma ba a rasa dalili ba. Ya gina sabon gari da gadoji da lambuna, ya kawo masu zane irin su Frans Post da Albert Eckhout, da masana tsirrai da dabbobi. Ya bar Katolika da Yahudawa su yi addininsu, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Amma harin da ya kai birnin Salvador a 1638 bai yi nasara ba, masu kamfani kuma suka riƙa ƙorafin yana ɓarnar kuɗi. A 1644 ya ajiye aiki ya koma Turai. Bayan shekara 10 Fotugis suka kori Holan daga Barazil ɗungum. Elmina dai ta zauna hannun Holan har 1872, sa'ad da Ingila ta karɓe ta.

Daga 1647 ya zama wakilin Sarkin Brandenburg a lardin Kleve, a 1652 aka ba shi sarautar Yarima, daga baya ya zama babban kwamandan sojan Holan. Ya rasu kusa da Kleve ran 20 ga Disamba, 1679, bai taɓa aure ba.

Gidan da ya gina a birnin Hague, watau Mauritshuis, wanda mutanen gari suka laƙaba wa suna Gidan Sukari, shi ne ya zama gidan ajiye zane-zane. A 2017 aka ɗauke gunkinsa daga zauren shiga, aka yi ta gardama a kai cikin ƙasar Holan.