Seneka, Malamin Da Ya Koyar Da Sarki Nero

An haifi Seneka a birnin Kurɗuba ta ƙasar Sifen wajen shekara 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Tun yana yaro aka kai shi birnin Rum, ya yi karatun balaga da hikimar waɗansu masana da ake kira Sitoyik. Koyarwarsu a taƙaice ita ce, dukiya da mulki da lafiya duk aro ne, rabo ke kawo su, rabo ke tafiya da su, halin mutum kaɗai ne nasa.

Seneka mai ciwon fuka ne, kuma ciwon nan ya taɓa cetonsa. Sarki Kaligula ya ji ƙyashin iya maganarsa a majalisa, ya yi niyyar kashe shi, sai wata mace ta gaya wa sarkin cewa mutumin ya kusa mutuwa da kansa. Aka ƙyale shi.

A shekara ta 41 Miladiyya Sarki Kalaudiyas ya kore shi zuwa tsibirin Kosika bisa zargin neman wata gimbiya. Daga can ya rubuta wa uwarsa Helbiya takarda yana ba ta haƙuri, yana nuna mata cewa kora sauyin mazauni ce kurum. Amma fa daga tsibirin nan ne kuma ya rubuta wa wani bafade wata takardar cike da yabon sarki, don dai a mai da shi gida. Da Kalaudiyas ya mutu kuwa, sai ga Seneka da littafi na yi masa ba'a.

Bayan shekara takwas, Agiripina sabuwar matar sarki ta sa aka komo da shi don ya karantar da ɗanta Nero. A shekara ta 54 Nero ya hau gado yana ɗan shekara 16, ragamar mulki ta faɗa hannun Seneka da Buras, shugaban dakarun fada. Shekarun farko an ji daɗinsu ƙwarai. Har littafi Seneka ya rubuta wa yaron a kan falalar sassauci ga mai mulki.

To, a nan ne labarin ya ɓaci. A shekara ta 59 Nero ya shirya hallaka uwarsa da wani jirgin ruwa wanda aka ƙera don ya wargaje a teku. Matar ta yi iyo ta tsira. Cikin daren nan Nero ya kira Seneka da Buras. Marubucin tarihi Tasitus ya ce sun daɗe shiru, kana Seneka ya dubi Buras ya tambaye shi ko za a iya sa sojoji su ƙarasa aikin. Kafin gari ya waye an kashe ta. Takardar da aka aika wa majalisa don wanke sarki kuwa, Seneka ne ya tsara ta. Masu kare shi suna cewa da ya bar fada da ɓarnar ta fi haka. Mai yiwuwa ne, amma ni dai ban ga ɓarnar da ya hana a daren nan ba.

Sai batun dukiya. Maƙiyansa sun ce ya tara kuɗin Rum sestas miliyan 300 cikin shekara huɗu, alhali albashin soja a shekara 900 ne. Wani marubucin, Diyo, ya ce bashin miliyan 40 da Seneka ya bai wa mutanen Birtaniya, ya kuma nemi a biya shi gaba ɗaya, yana cikin abin da ya ta da tawayen Sarauniya Budika. Amsar Seneka ita ce, ba laifi mai hikima ya mallaki dukiya muddin ba ta mallake shi ba, kuma shi bai taɓa cewa ya kai matsayin mai hikima ba.

Da Buras ya mutu a shekara ta 62, Seneka ya roƙi Nero ya karɓi dukiyar ya bar shi ya huta. Nero ya ƙi. Duk da haka ya janye jiki daga fada, ya zauna yana rubuta wa abokinsa Lusiliyas wasiƙu, waɗanda 124 daga ciki suka iso gare mu. A nan ne alƙalaminsa ya fi kaifi: yadda mutum ke watsar da lokacinsa, da yadda tsoron masifa ya fi masifar kanta wahalarwa.

A shekara ta 65 aka tona asirin wata maƙarƙashiya ta kashe Nero, aka ambaci sunan Seneka. Sarki ya aika masa da umurnin ya kashe kansa. Ya nemi ya rubuta wasiyya, aka hana shi. Ya yanke jijiyoyinsa, matarsa Paulina ita ma ta yanke nata, amma Nero ya sa aka ɗaure mata raunin, ta rayu. Jinin tsohon ya ƙi zuba sosai, ya sha guba, ita ma ba ta kama shi ba. Daga bisani aka kai shi ɗakin wanka mai tururi, numfashinsa ya ɗauke a can. Aka ƙone gawarsa ba tare da wani biki ba, kamar yadda ya yi umurni tun yana ganiyar arzikinsa.